Ranar da na kai tsohon ɗan NEPU gidan Sardauna

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Zariya. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na ba yara labarin daren 15 ga Janairu 1966, daren da sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, kamar a gabana aka yi, amma ƙafata ba ta taɓa taka gidan da abin ya faru ba sai watan jiya. Abin kunya ne, na sani. Kaduna ce fa, kilomita tamanin ko kusa da haka, kuma gidan, wato Arewa House da ke lamba 1 a titin Rabah, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ne, jami'ar da nake wucewa ta ƙofarta a Samaru kusan kowane mako. Na sha ganinsa a talabijin duk lokacin da manyan 'yan siyasa suka taru a zaurensa, shi ya sa a raina na ajiye shi a matsayin wurin taron masu babbar riga, ba wurin da malamin makaranta zai kai iyalinsa ba.

Autata ce ta tayar da maganar. An ba su aiki a makaranta su rubuta shafi biyu a kan Sardauna, ta zo tana tambayata a tsakar gida, Kawu yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Da na ce bari ranar Laraba in nemi izini a wurin aiki in kai ta ta gani da idonta, sai kawai muka ji ya ce, "Da ni za a je." Ni da mai ɗakina muka dubi juna. Kawu yayan mahaifiyata ne, tela ne a Tudun Wada tun kafin a haife ni, ya haura saba'in da biyar, kuma gidansu gidan NEPU ne, jam'iyyar adawa da Sardauna, tun daga tushe. Kakana, wato mahaifinsu, ya yi wata uku a gidan yari saboda ya tsaya a kan teburi a kasuwa ya yi lacca ba da izini ba. Wani alƙali ne ya yanke masa, har da bulala. A gidan nan, tun muna yara, in aka ce "Salama", taken jam'iyyar Sardauna, to zagi ne, amsa ɗaya ce ake yarda da ita, "Sawaba". Hoton tauraro, alamar NEPU, na nan har yau a jikin tsohon kekensa na ɗinki. Mutumin da ya tashi a haka ne ya ce zai je gidan shugaban NPC, jam'iyyar fartanya.

Na ce, "Kawu, za ku iya zaman mota kuwa?" Ya ce in ji da kaina.

Hanya ba sai na daɗe a kanta ba. Mun hau mota a Kwangila da sassafe, direban ya rantse mutum ɗaya ya rage, muka yi minti arba'in muna jiran mutum ɗayan nan. Jaji, Birnin Yero, Maraban Jos, Rigachikun, sai ga Kawo. Daga nan muka ɗauki Keke Napep muka bi titin Ali Akilu. A nan ne darasin ya fara tun ba mu isa ba, don Auta ta karanta allon titi ta tambaya wane ne shi, na ce mata sakataren Firimiya ne, babban ma'aikacin gwamnatin Arewa a lokacin. Titin Rabah kuma sunan garin da aka haifi mai gidan ne, can ƙasar Sakkwato. In ka san labarin, yawo a wannan yanki na Kaduna kamar karanta rajistar aji ne.

Abu na farko da ya buge ni da muka shiga shi ne shiru. Ka baro hayaniyar babban titi da hayaƙin mota, ka shiga harabar da manyan itatuwa suka yi wa rumfa, sai ka ji kamar an rage muryar rediyo. Na yi zaton zan ga fada mai ɗaukar ido. Ginin gwamnati ne irin na shekarun 1950, ba ƙyale-ƙyale, irin wanda ɗan kwangilar zamanin nan zai raina ya yi wa masu gadinsa. Kawu ya daɗe yana dube-dube, hannunsa a baya, sannan ya ce, "Nan ne?" Aka ce nan ne. Bai ƙara cewa komai ba.

Tarbar da aka yi mana ta yi mini daɗi, kuma don ita na zauna rubuta wannan. Ba mu zo da takarda daga kowa ba, ba mu san kowa ba, mu uku ne kawai da ƙurar hanya a jikinmu. Muka gaisa da masu tsaron ƙofa, muka faɗi abin da ya kawo mu, aka haɗa mu da wani ma'aikaci, matashi ne da ba zai wuce talatin da biyar ba, ya zagaya da mu. Da ya ga tsoho a cikinmu sai ya ajiye Turanci ya koma Hausa tsantsa ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma rage sauri ya daidaita tafiyarsa da ta Kawu. Sau biyu yana nemo masa kujera. Na zagaya wuraren tarihi inda jagora ke karanto maka hadda yana duban agogo, wannan kuwa in ka tambaye shi sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya amsa.

Ya fara mana da yadda gidan ya zama abin da yake yanzu. Bayan rasuwar mai gidan, a 1970 aka kafa cibiyar tattara tarihin Arewa a wurin, shugabanta na farko kuma Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan, ya zo Zariya ya kafa sashen tarihi na jami'armu a 1962, ya musulunta, ya zauna a cikinmu har ya rasu a 1984. A 1975 cibiyar ta koma hannun jami'a. Ni da na karanta tarihi a Samaru, malaman da suka koyar da ni ɗalibansa ne ko ɗaliban ɗalibansa, sai na ji kamar gidan kakana na zo ta wata fuskar. Akwai ɗakin karatu, akwai ma'adanar takardun gwamnatin da, akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da aka tattaro daga gidajen malamai. Wannan ɓangaren na masu bincike ne, mu leƙawa kawai muka yi, amma na ga ɗalibai biyu sun duƙufa a kan wasu tsofaffin fayiloli, na yi musu sha'awa har cikin raina.

Daɗin zagayen ya fara ne a gaban hotuna. Jagoranmu ya jero asalin mai gidan: Ahmadu ɗan Ibrahim Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Ya yi Kwalejin Katsina ya gama a 1931, kwalejin da ta koma Kaduna daga baya, ta sake tasowa ta dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, Abubakar na uku ya hau, shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, kuma da lokacin kafa gwamnatin tarayya ya yi, ya zaɓi zama a Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Ikko ya zama Firayim Minista a 1957. Auta tana ta rubutu, biro har yana huda takarda.

Da aka zo kan ayyuka, jagora ya ɗan ɗaga murya, ka san nan ne wurin da ya fi so: jami'a a watan Oktoba 1962, Bankin Arewa, kamfanin raya Arewa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, jaridar New Nigerian da ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin a kashe shi. Sai Kawu ya yi gyaran murya.

"Yaro, ka gama?"

"Ban gama ba, Baba, amma bismillah."

"To ka gaya wa yarinyar nan su wa aka ɗaure a zamaninsa. Ka gaya mata Gambo Sawaba ta Sabon Gari sau nawa ta shiga kurkuku, kuma me ta sata."

Gabana ya faɗi. Na ce yau Kawu zai sa a kore mu. Amma saurayin nan murmushi ya yi, ya ce gaskiya Baba ya faɗa, 'yan adawa sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e, kuma takardun da ke nuna haka suna nan cikin ma'adanar gidan nan, ba a ɓoye su ba. Ya juya ga Auta ya ce mata NEPU da aka kafa a Kano a 1950 tana cikin masu neman a bar mata su yi zaɓe, jam'iyyar mai gidan nan kuma ba ta yarda ba a lokacin, shi ya sa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979, alhali na Kudu sun daɗe da farawa. Auta ta ɗago kai ta ce, "Abba, in rubuta wannan ma?" Na ce ta rubuta. Kawu ya dubi jagoran daga sama har ƙasa, irin duban da yake yi wa yadi kafin ya sa almakashi, ya ce, "Ɗan wane gari ne kai?" Daga nan suka zama abokai.

Ni abin da na fi so a gidan tarihi irin wannan shi ne mutanen da suka kwana suka tashi a cikinsa, waɗanda littafin makaranta ba ya kulawa da su. Gidan Firimiya gida ne na Bahaushen basarake: ɓangaren aiki a gaba, cikin gida a baya, tsakaninsu kuma jama'a ba ta yankewa. Matansa, 'ya'yan 'yan'uwa da yake riƙo, dogarai, direbobi, masu dafa abinci, maroƙa, baƙi daga larduna goma sha uku da suka zo da buƙata. Ka tsaya gaban manyan rigunansa da rawunansa ka tuna cewa wani ne yake wanke su, wani yake buga su. Kawu, da yake sana'arsa ce, aikin wuyan wata riga ya tsaya yana nazari, har ya manta da siyasa, yana nuna wa Auta yadda ake gane aikin hannu da na keke. Jagora ya ambaci wasu da suka yi aiki kusa da shi waɗanda ba Musulmi ba, irin su Sunday Awoniyi, mutumin ƙasar Kabba, da likitansa Dakta Ishaya Audu. Wannan na biyun namu ne, haifaffen Anchau, wanda a 1966 ɗin ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Samaru, ya riƙe ta har 1975. Kawu ya ce ya san shi da gani, ya taɓa yi wa wani na gidansu ɗinki.

Sai muka zagaya ta baya, wajen cikin gida. Nan muryar jagora ta sauka.

Daren Juma'a ne wayewar Asabar, azumi ya shiga goman ƙarshe. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda a Kadunan aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, malami ne a makarantar horar da sojoji, ya fito da yaransa da sunan atisayen dare da suka kira Damisa. Suka kewaye gidan, suka harba masa manyan makamai har wuta ta kama. Aka kashe jami'in tsaronsa Ahmed Ben Musa, aka kashe dogarinsa da ake kira Zarumi. Sardauna yana cikin gida tare da iyalinsa, nan suka same shi. Uwargidansa Hafsatu, 'yar Wazirin Sakkwato, ba ta matsa daga jikinsa ba, tare aka harbe su. A daren nan dai, a cikin garin Kaduna, aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa da Kanar Shodeinde, a Ibadan aka kashe Akintola, a Ikko aka tafi da Tafawa Ɓalewa da Okotie-Eboh, aka kashe su Birgediya Zakariya Maimalari. Sardauna ya bar 'ya'ya mata, ta ƙarshensu ma bayan rasuwarsa aka haife ta.

Duk wannan na sani, ina koyar da shi. Amma a aji sunan Hafsatu rabin layi ne, "tare da matarsa", in wuce zuwa Janar Ironsi da ya karɓi mulki. Tsayuwa a inda mace ta ga bakin bindiga ta ƙi gusawa wani abu ne dabam. Auta ta daina rubutu. Ta tambaya ko matar ta san za a harbe ta. Ba wanda ya amsa mata.

Kawu ne ya karya shirun, kuma abin da ya faɗa ban taɓa jin sa ba duk zamana da shi. Ya ce a daren nan ba su yi barci ba, shi da mahaifinsu da yaran shago, don ɗinkin salla ya taso, kekuna uku suna ta aiki a fitilar aci-balbal har sahur. Da hantsi labari ya fara yawo a Tudun Wada, wajen azahar aka ji muryar soja a rediyon Kaduna. Wani maƙwabcinsu, shi ma ɗan Sawaba, ya shigo shago da gudu yana dariya yana cewa Gamji ya faɗi. Kakana, mutumin da har ya mutu akwai tabon bulala a bayansa, ya cire ƙafa daga kan keke ya ce masa ya fita. Ya ce su da ƙuri'a suke neman kayar da shi, kuma wanda ya shiga gidan mutum cikin azumi ya harbe shi a gaban matansa ba zai tsaya tambayar wane ne ɗan tauraro wane ne ɗan fartanya ba. Ya rufe shago ranar, da kayan sallar mutane a ciki. Kawu ya ce ba a yi wata biyar ba soja suka soke jam'iyyu gaba ɗaya, har da tasu.

Yana gama faɗa ya ɗaga hannu ya yi fatiha, muka shafa. Jagoran ya roƙe shi ko zai yarda wata rana a ɗauki muryarsa yana ba da wannan labarin, don irinsa suke nema. Kawu ya ce shi ba ɗan jarida ba ne. Amma ya karɓi lambar wayarsa, na gani.

Ga mai son zuwa daga Zariya, ga abin da zan ce. Ku je a ranar aiki, da safe, don cibiyar jami'a ce mai lokutan ofis. Ku ware awa biyu zuwa uku. Mu mun yi kuskuren barin gida ba mu karya sosai ba, ga shi Kawu yana shan maganin suga, dole muka katse kallon ɓangaren kayayyakin al'adun jihohin Arewa muka fita neman abinci, laifinmu ne. In ayarin ɗalibai za ku kai, ku aika tun da wuri a san da zuwanku, haka nake shirin yi da 'yan ajina zango mai zuwa. Ku tambaya kafin ku ɗauki hoto. Wasu samari da muka tarar sun shigo ne kawai su jingina da bango su ɗauki kansu a waya, ko allo ɗaya ba su karanta ba, har ɗaya yana tambayar abokinsa wai Sardaunan gwamnan Kaduna ne. Na so in yi magana, na tuna ba ajina ba ne. Yaro ƙasa da shekara goma zai gaji, don wuri ne na karatu da saurare, ba abin wasa a ciki. Abin da muka kashe gaba ɗaya, kusan duk a mota da abinci ya tafi. In kuna da tsoho a gida wanda ya ga zamanin, ko na wace jam'iyya ne, ku lallaɓa shi ku tafi tare, ribar tafiyar ninki biyu ce.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin garinmu. Muna da masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Muna da ganuwa da ƙofofi, muna da tsofaffin soraye a cikin birni da malamai da alƙalai da attajirai suka zauna a ciki. Kowace damina sai wani ya zube, ko magada su rushe shi su yi shaguna da bulo. Gidan kakana ma na Tudun Wada haka muka yi da shi, da hannuna a cikin takardar sayarwa, wurin da shagon yake yanzu ana cajin waya.

Auta ta samu takwas cikin goma. Malamarsu ta ja layi ja a ƙarƙashin sakin layin da ta yi a kan Hafsatu ta rubuta cewa an fita daga batu. Kawu kuwa tun daga Maraban Jos ya yi barci, bai farka ba sai Kwangila. Da muna sauka ya ce in tambayar masa yaron nan ko ranar Asabar suna buɗewa, akwai wani abokinsa a Ƙofar Doka, tsohon ɗan fartanya, da suka shekara sittin suna musu, yana so ya kai shi ya nuna masa aikin wuyan rigar nan.